DAGA YARON GIDA ZUWA MAIGIDA: HANYAR MAI KOYAR DA WASAN HOKIN ƘANƘARA

Duk wanda ya zauna a Sabo ta Badun ya san ba a kwana ɗaya ake zama maigidan fatake ba. Yaro yakan fara da ɗaukar huhun goro ko kora shanu a kara, ya zama dillali, mutane su gane gaskiyarsa, kana wata rana ya buɗe nasa masaukin. Tun da aka kafa unguwar a shekarar 1916 haka abin yake tafiya. To, a can ƙasashen sanyi akwai wata sana'a mai irin wannan tsani, watau koyar da wasan hokin ƙanƙara, kuma labarinta ya taɓo wani yaro haifaffen Zariya.

Mu nan hokin da muka sani shi ne na kan ciyawa, wanda 'yan makaranta da sojoji ke bugawa da sanda mai lanƙwasa. Na ƙanƙara kuwa a cikin ɗaki ake yinsa, bisa ruwan da aka daskarar ya zama kamar daɓe. 'Yan wasa suna sa takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna sulɓi da gudu, suna korar wani ɗan faifan roba baƙi zuwa raga. Kowane gefe mutum 6 ne har da mai tsaron gida, ana kuwa yin zubi 3, kowanne minti 20. Babbar ƙungiyar wasan ita ce NHL ta Kanada da Amurka, wadda aka kafa a 1917, shekara guda ke nan bayan Sabo.

Aikin koci a nan ya sha bamban da na ƙwallon ƙafa. Saboda tsananin gudu, ɗan wasa ba ya cika minti guda a fili sai ya fito ya huta, wani ya faɗa, alhali wasa bai tsaya ba. Koci yana tsaye bayan benci da mutum 20, shi ne mai cewa wane ya shiga, wane ya fito, wa zai tare gwanin abokan karawa. In ya makara da daƙiƙa biyar, sai a ji ƙwallo a raga. Haka zai yi ta yi sama da sau 80 a shekara.

YARON ZARIYA DA MALAMINSA

An haifi Rumun Ndur a Zariya a shekarar 1975, ya tashi a Lardin Ontariyo na Kanada. Ya yi wasan samari a kulob ɗin Guelph Storm, sa'an nan Buffalo Sabres suka zaɓe shi a 1994. Shi ne mutum na farko haifaffen Nijeriya da ya buga wasa a NHL. Amma kafin ya kai can, sai da aka tura shi Rochester Americans, kulob ɗin da Buffalo ke renon 'yan wasanta. A can ya faɗa hannun wani koci mai suna John Tortorella, suka ci Kofin Calder tare a 1996.

Shi wannan Tortorella, mutumin Boston ne, an haife shi a 1958, bai kuwa taɓa buga wasa ko ɗaya a NHL ba. Ya yi wasa a Jami'ar Maine, ya taɓa a ƙasar Suwidin, ya ƙare a ƙananan kulob na Amurka inda kuɗi kaɗan ne, tafiya kuwa a doguwar mota ake yinta dare da rana. A 1986 aka ba shi riƙon Virginia Lancers, nan ya fara koyarwa. Daga 1989 zuwa 1995 yana mataimaki a Buffalo, watau shekara 6 yana yaron wani, yana shirya atisaye, yana nazarin wasan abokan gaba, suna kuwa na maigida ne.

Bayan nasarar Rochester mai karatu zai zaci sai babbar kujera. Ina! Ya sake komawa mataimaki a Phoenix, daga nan New York Rangers. Sai a 2001 Tampa Bay Lightning suka ɗora shi bisa kujerar babban koci, shekara 15 ke nan da farawarsa. A 2004 ya ci musu Kofin Stanley, kofin da babu kamarsa a wannan wasa, aka kuma ba shi lambar gwanin masu koyarwa na shekara. Mahakurci mawadaci.

KUJERAR ARO

Sai dai fa kujerar koci ta aro ce. Kulob ɗin da ya ci wa kofi ya sallame shi a 2008. Rangers suka ɗauke shi a 2009, suka sallame shi a 2013. Vancouver shekara guda kacal ya yi. Ya zauna a Columbus daga 2015 zuwa 2021, inda ya sake samun lambar gwani a 2017, kana Philadelphia suka ɗauke shi a 2022, suka sallame shi a watan Maris na 2025. Dalili kuwa a fili yake: in wasa ya lalace, ya fi wa masu kulob sauƙi su kori mutum ɗaya da su kori ashirin. Abin da ke sa a sake kiransa shi ne abin da ke sa fatake su koma wurin tsohon dillali, watau an san aikinsa, kuma waɗanda suka zauna da shi suna ba da shaida.

A nan ne baƙo yake shan wuya, don tsanin na sanayya ne. Sai a 1994 baƙar fata ya fara cin kofi yana babban koci a wasan ƙwararru, shi ne John Paris Jr. da Atlanta Knights. A NHL kuwa sai 1998 aka naɗa Dirk Graham a Chicago, bai ma cika shekara ba aka sauke shi.

Shi Ndur ya buga wa Buffalo da Rangers da Atlanta Thrashers wasa 69 yana mai tsaron baya, ya zaga Turai har Ingila, inda ya yi wa Coventry da Nottingham wasa. Da ya ajiye sanda sai ya koma Ontariyo ya kama koyar da samari, watau matakin farko na tsanin. Haka ma Jarome Iginla, wanda mahaifinsa Bayarabe ne: duk da ƙwallo 625 da ya ci a NHL, da lambar zinariya biyu ta Olamfik a 2002 da 2010, da yara ya fara koyarwa.

Jama'a, a Sabo ba mu da ƙanƙara sai ta cikin firji, amma muna da samari masu taruwa a Adamasingba da yamma suna buga tamaula, da waɗansu 'yan kaɗan masu riƙe musu usur. Wanda ya yi sha'awar wannan aiki ya nemi malami, ya nemi takardar shaidar koyarwa, ya yarda ya ɗauki jakar wani tukuna. Iyaye kuma kada su raina masa. Allah ya ba mai rabo sa'a, amin.