Jos: Takardar 'ɗan asali' da zaman lafiyar da aka fi shekara 30 ana nema

Duk matashin da ke neman aikin soja, tallafin karatu ko gurbi a ma'aikatar gwamnati, akwai takarda guda da za a tambaye shi: shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Ga yaran unguwanni irin su Gangare da Unguwar Rogo a Jos, sau da yawa nan ake yin ta. Ko da a garin aka binne cibiyar kakansu, akan ce su nemo takardar a Kano ko Katsina, inda mai yiwuwa babu wanda ya san su.

Kasuwar duniya ce ta tara al'ummun Jos wuri guda. A farkon ƙarni na 20 kamfanonin Ingila suka buɗe ramukan kuza, sai Hausawa, Ibo, Yarbawa da Urhobo suka yi ta kwararowa yankin da Birom, Anaguta da Afizere ke zaune. Haƙar ta lashe gonaki masu yawa na 'yan ƙasa, abin da har yau ba su manta ba. Da farashin kuza ya rushe a 1985, lokacin sana'ar ta riga ta ja baya, sai ido ya ƙara komawa kan abin da ke hannun gwamnati: muƙami, fili da guraben aiki.

Shi kansa Kundin Tsarin Mulki na 1999 baki biyu ya yi. Sashe na 42 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, addini ko asali, amma sashe na 147 ya ce a naɗa minista daga kowace jiha, wanda zai kasance ɗan asalinta. Bai shimfiɗa yadda baƙo zai zama ɗan gida ba, sai hukuncin ya faɗa hannun ƙananan hukumomi.

Gwamnatin Janar Babangida ta ƙirƙiro Jos ta Arewa a 1991. Birom, Anaguta da Afizere suka ɗauki matakin a matsayin miƙa garin ga Hausawa, su kuwa Hausawa suka ga an ba su damar da ta dace da daɗewarsu. Naɗin Alhaji Aminu Mato a shugabancin riƙo ya jawo tarzoma a Afrilun 1994. A ranar 7 ga Satumban 2001 wuta ta sake tashi, kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta mutuwar mutum kusan 1,000. Zaɓen ƙananan hukumomi na Nuwamban 2008 ya ƙare da jini, sannan aka yi kashe-kashen Kuru Karama da Dogo Nahawa a 2010.

Kusan kowane rikici da kwamitinsa: na Mai Shari'a Fiberesima, na Niki Tobi, na Bola Ajibola, da na Solomon Lar. A Mayun 2004, bayan rikicin Yelwa, Shugaba Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci ya ɗora Manjo Janar Chris Alli, wanda ya kira taron zaman lafiya na jiha. Taron ya jaddada cewa ƙabilu ukun nan ne 'yan asalin Jos, Hausawa kuwa ba su amince ba. Rahotanni suka taru, hukunta masu laifi ya yi ƙaranci, garin kuma ya rabu: unguwar Musulmi daban, ta Kirista daban.

An ga sauyin salo daga 2013, lokacin da wata cibiyar sulhu ta birnin Janiba ta zaunar da wakilan Afizere, Anaguta, Birom, Fulani, Hausawa, Ibo, Yarbawa da 'yan Kudu maso Kudu, har suka rattaba hannu kan alƙawarin zaman lafiya a 2014. Gwamna Simon Lalong ya kafa Hukumar Wanzar da Zaman Lafiya ta Filato a 2016, domin a riƙa kashe wuta tun tana ƙarama.

Sai dai zamani ya zo da nasa ƙalubalen. Binciken BBC na 2018 ya nuna yadda hotunan ƙarya a Facebook, wasu daga ƙasashen waje, suka rura ramuwar gayya a Filato. A watan Yunin shekarar ne kuma Liman Abdullahi Abubakar na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, abin da ya sa gwamnatin Amurka ta karrama shi a 2019.

Ƙananan ƙabilu na tsoron a mamaye su a ƙasar kakanninsu. Waɗanda aka haifa a garin kuma na tsoron zama baƙi har abada. Tattaunawa ta rage zafi, amma takardar da ake jayayya a kanta ba ta sauya ba. Gyaranta na buƙatar Majalisar Tarayya da majalisun jihohi 24 cikin 36, kuma duk abin da aka yanke zai shafi Ibon da aka haifa a Sabon Garin Kano kamar yadda zai shafi yaron Gangare.