Wa ke da ikon yafe jini? Tuban ɗan fashi a idon Kirista da mabiya Buddha

Duk yaron da ya tashi a Daura ya san labarin rijiyar Kusugu tun kafin ya iya karatu. Macijin da ake kira Sarki ya tare rijiya, ba mai ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya sauka gidan tsohuwa Ayyana, ya rasa ruwa, ya tafi da dare ya sare kan macijin. Masu ba da labarin sun fi daɗewa a kan takobi da auren Sarauniya Daurama. Ni kuwa abin da ke tsaya mini a rai shi ne zaman da aka yi kafin zuwan baƙon. Gari guda, da sarauniyarsa da mayaƙansa, ya tsara girki da wanki da shayar da dabbobi bisa sharaɗin da mai cutarsa ya gindaya, har abin ya zama jiki. Wanda ya ji yadda manoman Batsari, Faskari da Sabuwa suka riƙa haɗa kuɗi suna kai wa 'yan bindiga kafin a bar su su yi shuka ko su kwashe amfanin gona, ya san irin wannan zama bai tsaya a labarin kaka da kakanni ba.

Masarautar Daura ta fi yammaci da kudancin jihar Katsina samun sauƙi, amma ba ta tsira ba. Ranar 1 ga Mayu 2019 aka ɗauke Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar Uba, daga gidansa, sai bayan wata biyu aka ceto shi a Kano. Daren 11 ga Disamba 2020, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari yana Daura, aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Auwal Daudawa, jagoran wannan ta'asa, ya fito Gusau a Fabrairun 2021, ya miƙa bindigogi, ya rantse da Alƙur'ani, aka ce ya tuba. Kafin Afrilu ya ƙare ya koma daji, can ya mutu a faɗa da wata daba. Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi sulhu da 'yan bindiga a 2016, ya sake yi a 2019, daga baya ya fito ya ce an ci amana. A 2025 kuma ƙananan hukumomi irin su Jibiya, Batsari da Ɗanmusa suka sake zama da mutanen daji, wasunsu rataye da makamai a wurin taron.

A duk irin wannan zama kalma ɗaya ake yi wa talaka tallarta: a yafe, a manta da baya. Ba na ganin laifin wanda ya gaji da binne 'yan uwansa ya miƙa hannu. Amma yana da kyau mu duba yadda wasu al'ummu suka yi da wannan tambaya, musamman addinai biyu da duniya ta fi sani da wa'azin yafiya, wato Kiristanci da addinin Buddha. In har su ma ba su raba yafiya da ɗaukar alhaki ba, to lallai mu ya kamata mu sake nazari.

Kirista maƙwabtanmu ne, Littafi Mai Tsarki ma yana hannunsu da Hausa tun 1932. A cikinsa Yesu Almasihu ya roƙa wa masu azabtar da shi gafara, ya kuma koya wa almajiransa su yafe ba tare da ƙidaya ba. Amma a cikin Linjilar Luka, sura ta 19, akwai Zakiyus, mai karɓar haraji a Yariko, wanda ya yi arziki da zaluntar mutane. Da ya tuba, ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, duk wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu, a nan ne Yesu ya shaida cetonsa. Manzo Bulus kuma, a wasiƙarsa ga Romawa, ya hana mutum ramuwa da hannunsa, sannan ya ce hukuma ce ke riƙe da takobi don hukunta mai mugunta. Ke nan an raba aiki: zuciyar wanda aka cuta ta saki ƙiyayya, hukuma kuma ta yi nata.

An ga wannan rabo a zahiri a zamaninmu. Ranar 13 ga Mayu 1981 wani Baturke, Mehmet Ali Agca, ya harbi Fafaroma John Paul na Biyu a dandalin St. Peter. Daga gadon asibiti Fafaroman ya sanar cewa ya yafe. A Disambar 1983 ya je kurkukun Rebibbia da ƙafarsa, ya ja kujera kusa da mutumin da ya so ransa, suka yi magana ƙasa-ƙasa, ya riƙe masa hannu. Sannan ya fito, aka mayar da ƙofa aka kulle. Agca ya yi shekara 19 a tsare a Italiya kafin a yi masa afuwa a 2000, aka miƙa shi Turkiyya ya ci gaba da zaman wasu laifuffukan har 2010.

Game da hukuncin kisa, kan Kirista ya rabu tun da daɗewa. Agustin, bishop na Hippo da ke Aljeriya ta yau, ya rubuta wa alƙali yana roƙon kada a kashe waɗanda suka kashe masa limami, a tsare su dai a sa su aiki mai amfani. Malamin Kirista Thomas Aquinas kuwa ya halatta kisa don kare jama'a. A 2018 Fafaroma Francis ya ce Cocin Katolika ba ta yarda da shi sam, alhali Kirista da yawa a Amurka da Najeriya suna goyon bayansa. Abin da ya fi shafarmu shi ne aikin Bishop Desmond Tutu a Afirka ta Kudu. Hukumar gaskiya da sasantawa da ya jagoranta daga 1996 ba ta ba da afuwa a dunƙule ba. Sai mutum ya zo da sunansa, ya faɗi duk abin da ya aikata, sau da yawa a gaban iyalan wanda ya kashe. Sama da mutum 7,000 suka nema, waɗanda aka ba ba su kai 900 ba.

Addinin Buddha, wanda ya samo asali a arewacin Indiya wajen ƙarni biyar kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya bi wata hanya dabam. Ba su da aƙidar Ubangiji mai shafe zunubi. A wurinsu kowane aiki da aka yi da niyya iri ne da zai tsiro, ba mai iya hana shi, abin da suke kira karma. Duk da haka labarin tuba mafi shahara a littattafansu na ɗan fashin daji ne.

Sunansa Angulimala, yana tare hanya a ƙasar Kosala, yana kashe matafiya, yana yanke yatsa ɗaya daga kowace gawa ya rataya a wuya. Ƙauyuka sun watse saboda shi. Buddha ya bi hanyar shi kaɗai, suka haɗu, maganar da ya yi masa ta shige shi, ya jefar da takobi da baka, ya aske kai, ya shiga cikin almajirai. Sarki Pasenadi, da ya fito da mahaya don kama shi, ya same shi zaune cikin rigar masu zuhudu, ya ƙyale shi. Sai dai mutanen gari ba su manta ba. Wata rana ya shiga birnin Sabatti bara, aka yi ta jifarsa, ya dawo kai a fashe, jini na zuba, ƙoƙon bara ya fashe, riga ta yage. Buddha bai tsine wa masu jifa ba, bai kuma ce sun yi daidai ba. Ya ce da shi ya daure, wannan sakamakon aikinsa ne yake girba tun a duniya. Angulimala bai sake ɗaukar makami ba. Da jama'a suka yi ƙorafi kuwa, sai aka kafa doka cewa kada a sake shigar da sanannen ɗan fashi cikin almajirai. Ko a gidan da ya fi kowa tausayi, an saurari kukan waɗanda aka cuta.

Akwai wasu labarai biyu a littattafan nasu da na so a ce masu mulkinmu sun karanta. A na farko wani sarki ya yi sakaci da matalauta har sata ta ɓulla. Da aka kamo ɓarawon farko, sai sarki ya ba shi dukiya don ya daina. Labari ya bazu cewa sata tana kawo kyautar sarki, ɓarayi suka yawaita. Sarki ya fusata ya koma fille kai, su kuma ɓarayi suka wasa takubba suka fara kashe duk wanda suka yi wa fashi don kada ya tona su. A na biyu, mashawarcin sarki ya ce fashi ba zai ƙare da kisa da ɗauri da tara kaɗai ba, domin waɗanda suka tsira za su ci gaba. A ba manoma da makiyaya iri da abincin dabbobi, a ba 'yan kasuwa jari, a biya ma'aikata haƙƙinsu. Wanda ya san yadda burtaloli da makiyayu suka shige gonaki, da yadda zaluncin wasu alƙalai da jami'an tsaro ya tura yaran Fulani daji, da yadda kuɗin fansa ya sayo sabbin bindigogi, ba sai an yi masa fashin baƙi ba.

Ba wai mabiya addinan nan sun cika abin da suke karantawa ba. Kirista sun yi yaƙe-yaƙe da sunan addini, a Myanmar kuma, ƙasar da mafi yawanta mabiya Buddha ne, Musulmin Rohingya sama da 700,000 suka tsere daga kisa a 2017. Koyarwa ce muke aunawa, kuma a nan ta zo daidai da abin da malamanmu ke karantarwa a zaure: haƙƙin Allah tuba ke kankare shi, haƙƙin bawa kuwa sai an mayar ko mai shi ya yafe. A shari'a magadan mamaci ne ke zaɓar ƙisasi ko diyya ko afuwa. Manzon Allah (SAW) ya karɓi Musuluncin Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza, amma ya nemi ya riƙa nisantar da fuskarsa daga gare shi. A Kaduna ma, Fasto James Wuye da ya rasa hannu a rikicin 1992, da Imam Muhammad Ashafa da ya rasa malaminsa, su da kansu suka yafe wa juna, ba wani ne ya yafe a madadinsu ba.

Saboda haka ina kira ga Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, da masu martaba sarakunan Katsina da Daura, da malamai da limaman coci: in za a zauna sulhu, a sa kujerar matar da aka kashe wa miji da uban da aka sace wa 'ya a gaba. Mai tuba ya zo da sunansa, ya ajiye makami, ya saki waɗanda ke hannunsa, ya mayar da shanun da suka rage, a yanke diyya a rubuce, wanda ya zubar da jini kuma ya tsaya gaban alƙali. Gwamnati tana iya sassauta hukuncinta, amma jinin talakan Ƙanƙara da Batsari ba nata ba ne da za ta yafe.