Motsa Jiki: Sandar Tsofaffi

Hausawa kan ce, motsi ya fi laɓewa. A Mararaban Rido da garuruwan kudancin Kaduna, tsofaffi da yawa da noma suka tashi. Da zarar sun daina aiki sun zauna, sai tsokar jiki ta saki, ƙafafu su yi rauni, faɗuwa da karaya su biyo baya.

A shekarar 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masu shekara 65 zuwa sama su riƙa atisayen ƙarfafa jiki da daidaita tsayuwa aƙalla kwana 3 a mako. Misali, tashi daga kujera ba tare da dafawa ba, ko tsayuwa da ƙafa ɗaya kusa da bango.

Saboda haka, 'yan uwa ɗalibai, kada tausayi ya sa mu hana kakanninmu ƙananan ayyuka. Da su za su ci gaba da yi wa kansu hidima.