Me Ya Hana Ahmed Musa Cin Kasuwarsa A Leicester?

Ran 8 ga watan Yuli na 2016 kulob ɗin Leicester City na Ingila ya sayi Ahmed Musa daga CSKA ta birnin Masko a kan fam miliyan 16 da dubu 600. A lokacin nan kulob ɗin bai taɓa biyan kuɗi masu yawan haka a kan ɗan wasa guda ba. Bayan shekara biyu sai ga Musa ya rabu da su, da ƙwallo biyu tak a cikin wasa 21 na gasar Firimiya.

Har wa yau duk inda 'yan Arewa masu sha'awar tamaula suka taru, ko a Agege, ko Idi-Araba, ko unguwar Sabo ta Ibadan, in aka ta da wannan magana sai gardama ta kaure. Waɗansu su ce ƙeta aka yi masa, waɗansu su ce shi ne bai iya ba. Amma wanda ya bi al'amarin daki-daki zai ga gizo yana saƙa ne a wajen tsarin wasan kulob ɗin, da kuma irin cinikin 'yan wasa da shugabanninsa suka yi a wannan shekara.

YARON JOS

An haifi Musa a Jos a 1992. Sunansa ya fito ne a Kano Pillars, inda ya ci ƙwallo 18 a kakar wasa ta 2009/2010, yana ɗan shekara goma sha bakwai, ya fi kowa ci a gasar Nijeriya. Daga nan kulob ɗin VVV-Venlo na ƙasar Holan ya ɗauke shi, sa'an nan CSKA ta saye shi a farkon 2012. Sau uku ya ci kofin gasar Rasha tare da su. Yana cikin waɗanda suka ciwo wa Nijeriya Kofin Afirka a 2013, ya kuma jefa wa Ajantina ƙwallo biyu a gasar cin Kofin Duniya ta 2014 a Barazil.

Makamin Musa gudu ne. In aka jefa masa ƙwallo a bayan 'yan baya, ga fili a gabansa, to sai dai a bi shi da kallo. Wannan gudu shi ne abin da Leicester ta gani ta yi sha'awa.

TSARIN RANIERI

Domin a gane abin da Musa ya tarar, dole a koma ga kakar 2015/2016, wadda Leicester ta ba duniya mamaki. Kulob ɗin da ya tsira da ƙyar daga faɗawa rukuni na ƙasa a shekarar da ta gabata, shi ne ya ɗauki kofin Ingila da maki 81, ya ba Arsenal ratar maki goma. Cikin wasa 38 sau uku kaɗai aka ci su.

Mai horar da su, Claudio Ranieri mutumin Italiya, bai zo da wani abu mai wuyar ganewa ba. Tsarinsa 4-4-2 ne, watau huɗu a baya, huɗu a tsakiya, biyu a gaba. Sukan bar wa abokan karawa ƙwallo su yi ta juya ta, su kuwa su matse a bakin gidansu kamar katanga. Rabonsu na riƙe ƙwallo a wannan kaka bai kai kashi 45 cikin ɗari ba. Da zarar sun ƙwace ta, bugu biyu ko uku sun isa gidan abokan gaba.

Kowa da aikinsa. Wes Morgan da Robert Huth, ƙarti biyu, su ne a tsakiyar baya, ba su da gudu amma ba a cin su a sama. N'Golo Kante shi ne mai ƙwato ƙwallo, babu wanda ya kai shi a wannan aiki a duk gasar. Danny Drinkwater ya karɓa ya cilla gaba. Riyad Mahrez ɗan Aljeriya yana gefen dama da ƙafar hagu da yanka, ya ci 17. Marc Albrighton yana gefen hagu, ya kai hari ya kuma komo ya taya na bayansa tsaro. Jamie Vardy shi ne mashin, ya ci 24, har ya yi wasa goma sha ɗaya a jere kullum sai ya ci.

Akwai kuma wani wanda ba a cika ambatonsa ba, Shinji Okazaki ɗan Japan. Sunansa ɗan gaba, amma ƙwallo biyar kaɗai ya ci. Aikinsa shi ne ya sauko tsakiya ya hana abokan karawa sakat, ya yi ta bin su har numfashinsa ya ƙare a canja shi. Saboda shi ne 'yan tsakiyar Leicester biyu suke zama kamar uku.

AN SAYAR DA GINSHIƘI

Murnar kofi ba ta gama lafawa ba sai Chelsea ta zo ta ɗauke Kante a watan Yuli na 2016, a kan abin da ya haura fam miliyan 30. Shekara guda kafin nan Leicester ta saye shi daga Caen ta Faransa a kan kuɗin da bai kai miliyan shida ba. In ana batun riba, lalle an ci riba. Amma fa ginshiƙin ɗaki aka sayar. A cikin watan nan kuma Steve Walsh, mutumin da ya tono musu Vardy da Mahrez da Kante a kan arha, ya koma Everton.

To, ina aka kai kuɗin? Mafi yawansu a gaba aka zuba su. Bayan Musa, aka sayo Islam Slimani, wani ɗan Aljeriya, daga Sporting ta Fotugal a kan kuɗin da ya fi na Musa nesa. Wanda aka kawo domin ya gaji Kante, Nampalys Mendy daga Nice, ya ji ciwo a idon sawu tun a watan Agusta, kakar ta ƙare bai yi wani wasan kirki ba. Ranieri ya gwada Andy King, ya gwada Daniel Amartey ɗan Gana, amma ramin bai cike ba. Morgan da Huth da suka saba da mai share musu gaba sai ga su a fili, masu gudu suna wuce su. Kulob ɗin da aka jefa wa ƙwallo 36 a kakar kofi, 63 aka jefa masa a kakar da ta biyo. Kante kuwa ya tafi Chelsea ya sake ɗaukar kofin.

INA ZA A SA MUSA?

Farkon zuwan Musa ya yi armashi. A watan Agusta, a wasan sada zumunta da Barcelona a birnin Stockholm, ya ci ƙwallo biyu, ko da yake an ci Leicester 4 da 2. Jama'a suka ce an dace. Amma da aka shiga gasa sai tambaya ta taso, wadda ya kamata a yi tun kafin a biya kuɗi: a wane gurbi zai yi wasa?

Gurbin da ya dace da shi, na mai gudu a gaba, Vardy ne a ciki, kuma ba a cire wanda ya ci 24. In aka haɗa su biyu, kamar yadda aka yi a wasan farko da Hull ta ci su 2 da 1, dukansu bayan 'yan baya suke nufa, ba mai saukowa ya yi aikin Okazaki, sai tsakiya ta zama wayam. Gefen dama na Mahrez ne. Gefen hagu kuwa, a tsarin Ranieri, wurin wahala ne, mai shi rabin aikinsa tsaro ne, Musa kuwa ba a nan ƙarfinsa yake ba.

Daɗin daɗawa, abokan karawa sun riga sun gano lagon Leicester. Da can kowa yakan fito ya kai musu hari domin an raina su, sai a bar fili a baya. Yanzu da suka zama zakaru sai ƙananan kulob suka koma suna jiran su a gida. Mai gudu in ba fili, kamar doki ne a cikin zaure. Nan kuma aka ga inda Musa yake da rauni, domin karɓar ƙwallo a matsi, da bayansa ga raga, ga ƙato yana turinsa, ba aikin da ya saba ba ne.

Duk da haka ya taɓuka. A watan Oktoba ya ci Crystal Palace, bayan mako guda ya ci Tottenham aka tashi kunnen doki. A Janairun 2017, a gasar Kofin FA, ya shigo daga benci a gidan Everton ya ci biyu, Leicester ta yi nasara 2 da 1. Sai dai yau a sa shi gaba, gobe gefe, jibi benci. Ɗan wasa kuwa ba ya kama ƙafarsa sai yana samun wasa a jere.

AN SALLAMI RANIERI

Da shigowar 2017 abin ya ƙazanta. Leicester ta yi wasa shida na gasa ba ta ci ko ƙwallo ɗaya ba, an doke ta a biyar daga ciki. Ran 23 ga Fabrairu aka sallami Ranieri, wata tara bayan ya kawo kofi, kulob ɗin yana bakin ramin faɗuwa.

Mataimakinsa Craig Shakespeare da ya karɓa bai yi wata-wata ba. Ya mai da tsofaffin 'yan wasan kofi wurarensu, Okazaki a bayan Vardy, Albrighton a hagu. Baƙo ɗaya kaɗai ya saka, Wilfred Ndidi, yaron Ikko da aka sayo daga Genk ta Beljiyam a watan Janairu, ya tsaya a gurbin Kante. Nan da nan suka doke Liverpool 3 da 1, suka ci wasa biyar a jere, suka fitar da Sevilla daga gasar zakarun Turai kafin Atletico Madrid ta tsai da su. Suka gama kakar a matsayi na 12 da maki 44.

Farfaɗowar kulob ita ce ta rufe wa Musa ƙofa. A kakar da ta biyo bai buga wasan Firimiya ko ɗaya ba, har aka ba CSKA aronsa a Janairun 2018.

HUJJA DAGA RASHA

Masu cewa Musa ya ƙare sun sami amsa ran 22 ga Yuni na 2018 a birnin Volgograd, a gasar cin Kofin Duniya. Kuroshiya ta ci Nijeriya 2 da nema a wasan farko, Musa yana benci aka fara. Da za a kara da Iceland sai mai horarwa Gernot Rohr ya sake tsari, ya sa uku a baya, biyar a tsakiya, Musa da Kelechi Iheanacho a gaba. Ƙwallon farko daga harin gaggawa ta fito, Victor Moses ya kwaso ta daga dama ya ba shi ya narka. Ta biyu kuwa doguwa aka cillo masa daga baya, ya tsere wa mai tsaronsa, ya yanke gola, ya zuba. Ƙafar nan ce dai wadda ta yi zaman benci a Ingila, sai dai an ba ta irin aikinta. Da wannan ya cika ƙwallo huɗu a gasar Kofin Duniya, babu ɗan Nijeriya da ya kai haka. A watan Agusta Al Nassr ta ƙasar Saudiyya ta saye shi.

ABIN LURA

A dubi 'yan Nijeriya biyun nan da Leicester ta saya a tsakanin wata shida, kuɗinsu kusan ɗaya. Ndidi ya tarar da gurbi yana jiransa, ya zauna fiye da shekara takwas, ya ci Kofin FA tare da Iheanacho a 2021. Musa ya tarar da mai gida a cikin ɗakinsa. Bambancin ke nan.

Wannan magana ta shafi samari da yawa da suke buga tamaula a filayen unguwa suna mafarkin Turai, da iyayen da wani lokaci har gona suke sayarwa su ba dillalai. Girman kulob da yawan kuɗi suna ruɗi. Kafin yaro ya sa hannu a takarda, ya kamata a tambaya wane irin wasa kulob ɗin yake yi, wane ne yake riƙe da gurbin da za a sa shi, kuma ko mai horarwa ne da kansa ya neme shi. Shekarun ɗan wasa ƙidayayyu ne, shekara biyu a benci ba ta komowa.

Musa ya komo Kano Pillars a 2021, ya sake komowa a 2024, a watan Yuli na 2025 kuma aka naɗa shi babban manajan kulob ɗin. Watau wanda aka taɓa saya ba tare da an tanadar masa wuri ba, shi aka ɗora a kan kujerar masu saye. Magoya bayan Masu Gida, na Kano da na nan Kudu, suna da dalilin sa rai cewa wanda ya sha wannan ruwa ya san zurfinsa.