Zaɓen fidda gwani a Amurka: yadda ake bin sakamakon daren Talata ba tare da ruɗewa ba

A ranar Talata 5 ga watan Maris na 2024 ne jihohi 15 na ƙasar Amurka suka gudanar da zaɓen fidda gwani a rana guda, abin da Amurkawa ke kira Babbar Talata. A jam'iyyar Republican, Donald Trump ne ya kara da Nikki Haley, yayin da a ɓangaren Democrat shugaban ƙasa na wancan lokaci Joe Biden bai samu wani babban abokin hamayya ba. Lamarin ya shafi Nijar, domin a wancan lokaci akwai sojojin Amurka a sansanin Agadas, kuma a watan Oktoban 2023 hukumomin Washington sun dakatar da wani kaso na tallafin da suke bai wa ƙasar.  Sai dai alƙaluman da kan cika wayoyin salula a irin wannan dare iri uku ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Wakilai ake ƙirgawa

Abu na farko shi ne, ba shugaban ƙasa ake zaɓe a wannan rana ba. Kowace jiha tana da adadin wakilan da za ta aika babban taron jam'iyya, inda ake tsayar da ɗan takara. A 2024, a Republican wakilai 2,429 ne gaba ɗaya, ke nan sai mutum ya samu 1,215. Fiye da kashi ɗaya cikin uku aka raba a wannan Talata: Kaliforniya kaɗai na da 169, Texas 161. Dokar rabon ta bambanta. A Democrat ana rabawa daidai da yawan ƙuri'u, amma sai ɗan takara ya kai kashi 15 cikin ɗari. A Republican ta Kaliforniya kuwa, a 2024 wanda ya haura rabin ƙuri'u shi ke kwashe wakilan duka. Don haka mai kashi 40 cikin ɗari na iya tashi hannu banza a wata jiha.

Tambayar bakin rumfa

Alƙaluman da ke fara fitowa su ne na jin ra'ayi a bakin rumfar zaɓe. A 2024, kamfanin Edison Research ne ya yi wannan aiki wa tashoshin ABC da CBS da CNN da NBC. Ma'aikatansa na tsayawa a ƙofar wasu zaɓaɓɓun rumfuna, su miƙa wa wasu daga cikin masu fitowa takarda su cike ba tare da sun sa suna ba: wa ka zaɓa, shekarunka nawa, wane batu ya fi damunka. Waɗanda suka riga suka yi zaɓe ta gidan waya, ana neman su ta tarho. Kamfanin dillancin labarai na AP kuwa, a 2018 ya fara nasa binciken mai suna VoteCast.

Wannan ba ƙirga ba ce. Akwai masu ƙin amsawa, kuma wani rukunin jama'a ya fi wani son cike takardar. Shi ya sa ake gyara alƙaluman cikin dare yayin da ƙuri'un gaske ke shigowa. A babban zaɓen 2004, alƙaluman farko sun nuna John Kerry a gaba, amma George Bush ne ya ci. Amfanin binciken shi ne nuna su wane ne suka zaɓi wa, da kuma dalili.

Sanarwar ƴan jarida

Na biyu shi ne bayyana wanda ya yi nasara. A Nijar an saba jiran hukumar CENI ta ba da sakamakon wucin gadi, kotu ta tabbatar. Amurka ba ta da hukuma guda da ke tattara ƙuri'un ƙasa baki ɗaya. Kowace jiha ke ƙirga nata. AP, wanda ke wannan aiki tun 1848, shi ke haɗa alƙaluman, ya kuma ce wane ya ci idan ya ga na baya ba zai iya kamo na gaba ba. Wani lokaci abin na zuwa da sauri ƙwarai. A Iowa, ranar 15 ga Janairu, an bayyana Trump kimanin rabin awa da buɗe tarurrukan zaɓen, alhali wasu ba su ma jefa ƙuri'a ba, abin da ya fusata mutanen Ron DeSantis. Daga ƙarshe Trump ya samu kashi 51 cikin ɗari.

Sakamakon hukuma

Na uku, wanda shi ne na ƙarshe, yakan ɗauki kwanaki ko makonni. A 2012 an ce Mitt Romney ya ci Iowa da ratar ƙuri'u 8, bayan mako biyu aka gano Rick Santorum ne a gaba da 34. A 2020, manhajar wayar da ƴan Democrat suka tanada a wannan jiha ta ƙi aiki, aka kwashe kwanaki ana jira.

Ƙarfe nawa?

Tsakanin Yamai da gabashin Amurka akwai tazarar awa shida a farkon watan Maris. Rumfunan Virginia da Vermont sun rufe da ƙarfe 1 na dare agogon Nijar, North Carolina, inda ƴan Nijar da dama ke zaune a garin Greensboro, da 1 da rabi, Kaliforniya kuwa sai 5 na asuba. Manyan tashoshi ba sa faɗin wanda ya ci wata jiha kafin a rufe rumfunanta. Saboda haka duk wani "sakamako" da ya zo ta WhatsApp ko Facebook bayan sallar isha'i, ba sakamako ba ne.

Idan alƙaluma suka fara shigowa, a duba abu uku: wace kafa ce ta ba da su, kashi nawa na ƙuri'un aka ƙirga, kuma daga wane yanki. Ƙauyuka kan gama da wuri, manyan birane su zo daga baya su sauya lissafi.

A kuma lura da ƙuri'un da ba su ci ba. A Michigan, ranar 27 ga Fabrairu, Biden ya yi nasara cikin sauƙi, amma mutane fiye da 100,000, kimanin kashi 13 cikin ɗari, sun zaɓi gurbin "ba mu tsayar da kowa ba", bayan kiran da Larabawa da Musulmin jihar suka jagoranta don nuna fushi kan yaƙin Gaza. Trump ya ci Michigan a 2016 da ratar da ba ta kai ƙuri'u 11,000 ba. Irin wannan gurbi ya kasance a takardar zaɓen Minnesota da North Carolina, kuma manazarta sun sa masa ido a daren Talatar.