Masarar Da Ta Yi Kwantai Ma Kuɗi Ce



Da damina ta yi nisa, duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma ta Kurfi zai sha ƙamshin gasasshiyar masara a bakin titi. Abin da ke damuna shi ne asarar masu sana'ar. Mai saye manyan goyo yake zaɓa, ƙananan su yi kwantai, kafin gobe sun yi tauri. A haka jarin baiwar Allah ke narkewa.

To 'yar'uwa, ga dabara daga Meziko, ƙasar da aka fara noman masara kimanin shekaru 9,000 da suka wuce. A titunansu ana sayar da wani abinci mai suna esquites. Sukan cire ƙwayoyin masarar daga totuwa, su dafa ko su soya, su zuba a kofi da lemon tsami, barkono, cuku da mayonis. A kofi kuwa wa zai gane ƙaramin goyo?

Ni dai shawarata, ki soya taki da man shanu da albasa, ki barbaɗa yajin ƙuli, ki matsa lemon tsami. Mayonis ki bar shi, zafin garinmu saurin lalata shi yake yi.

Masu saye? Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011, ga ɗalibai nan, ga na Kwalejin Isa Kaita. Ki ɗiba wa maigida ya fara ɗanɗanawa.

Allah ya sa albarka a nema, amin.