Bitamin: Abin Da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Sha

Yau za mu yi magana a kan bitamin, watau wasu sinadarai da jiki ke bukata kaɗan kaɗan kullum. Yawancinsu jiki ba ya iya yin su da kansa, sai dai ya same su daga abinci.

To, ku sani, babban kantin bitamin yana bayan ɗakinku. Man ja, da zogale, da gwanda, da mangwaro, da hanta, da ƙwai suna ba da bitamin A. Rashinsa ne ke kawo dundumi, yaro ya riƙa lalube da magariba ta yi, in an yi sakaci har ya makance. Lemo da gwaba da garin 'ya'yan kuka kuwa suna ba da bitamin C. Amma uwargida ki lura, yawan kanwa da doguwar dahuwa suna kashe shi a cikin miya.

Duk da haka akwai waɗanda abinci kaɗai ba ya isarsu. Na farko yara, daga wata 6 zuwa shekara 5. Ana ɗiga musu bitamin A a baki sau ɗaya cikin kowane wata 6. Shuɗin ƙwanso na ɗan wata 6 zuwa 11 ne, ja kuwa na wanda ya cika shekara. A riƙe katin yaro, kada a maimaita masa kafin lokaci, gama wannan bitamin taruwa ya kan yi a hanta, in ya yi yawa ya zama cuta. Mace mai ciki kuma kada ta sha wannan ƙwanso, yana iya lahanta abin da ke cikinta.

Na biyu masu juna biyu. A wurin awo za a ba ki ƙwayar ƙarin jini mai ɗauke da ƙarfe da folik asid. Ki sha ɗaya kowace rana. In bayan gida ya yi baƙi kada ki tsorata, aikin maganin ne. Kada ki kora ta da shayi, don yana hana ƙarfen shiga jini. In tana tayar miki da zuciya, ki sha bayan abinci.

Sa'an nan batun saye. Kada ku karɓi ƙwaya tsirara a hannun mai talla a tasha ko a kasuwa. A Nijeriya ku duba lambar NAFDAC a jikin kwali, ku duba ranar ƙarewar aikinsa. Wanda ba ya karatu ya kai wa malamin ɗakin shan magani ya duba masa. Ƙwayar nan da ake kira sha-ka-fashe ba bitamin ba ce. Kumburi ta ke sa wa, tana kuma iya jawo ciwon sukari da hawan jini.

A ajiye magani inda babu rana, inda hannun yaro ba zai kai ba, gama ƙwayar ƙarfe in yaro ya haɗiye da yawa tana iya kashe shi. In haka ta faru a garzaya da shi asibiti nan da nan, ko da bai nuna alamar ciwo ba.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai mako mai zuwa.